Sikanar hannu mai araha: wace za a saya, me kuma za ta jiyo?

Yawancin wasiƙun da suka shigo filin nan a wannan karon a kan abu ɗaya ne: 'yar rediyon hannun nan da ake kira sikana. Ga wanda bai taɓa ganinta ba, kama take da oba-oba, sai dai ita ba ta aika magana, saurare kawai take yi. Ana zuba mata mitoci da yawa, sai ta riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya da sauri. Inda ta ji ana magana ta tsaya, in an yi shiru ta wuce. Mun taƙaita wasu wasiƙun, kuma kamar kullum mun sakaya sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. Tuƙin haya nake yi da dare a New York. Ina so in riƙa jin 'yan kwana-kwana da motocin asibiti don in san titin da aka toshe kafin in faɗa cikinsa. Na ga sikana ta dala 100 da 'yan kai, na ga ta sama da dala 600. Me ya raba su, kuma mai arahar za ta wadatar?
*Mai karatu daga Bronx, Amurka*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ajiye maganar kuɗi tukuna. Abin da zai zaɓa maka sikana shi ne irin rediyon da ma'aikatan garinku ke riƙe da shi.

Tsohon tsari shi ne analog: murya na tafiya yadda take a kan mita ɗaya tsayayya, kamar tashar FM. Kowace sikana tana jin wannan. Sabon tsari dijital ne, wato a mayar da murya lambobi kafin a aika. Hukumomin agaji a Amurka sun fi amfani da wanda ake kira P25, mai mataki biyu, Phase 1 da Phase 2, yayin da kamfanoni da masu gadi suka fi karkata ga DMR ko NXDN. Idan sikanar analog ta faɗa kan mitar dijital, ƙara kawai za ka ji kamar ta injin markaɗe.

Ban da wannan akwai kuma tsarin karɓa-karɓa. A nan babu hukumar da ke da mitarta ta dindindin. Mitoci kaɗan ne kowa ke ara, kuma akwai tashar jagora guda da ke aikin ɗan kamasho a tashar mota: duk wanda ya danna zai yi magana, ita ke ce masa "hau wannan", ya gama ya sauka, amsar da za a ba shi kuma wataƙila ta zo a wata mitar daban. Sikanar da ba ta iya karanta umarnin jagorar ba, ko da muryar analog ce, guntu-guntu za ta riƙa kawo maka: rabin maganar ɗan kwana-kwana, sai ta masu kwasar shara.

Na ƙarshe shi ne kulle. Idan hukuma ta kulle maganarta da mabuɗi irin AES-256, zance ya ƙare. Babu sikanar da ke buɗe shi ko nawa ka biya, kuma ƙoƙarin buɗewa laifi ne. 'Yan sandan New York sun fara kulle tashoshinsu a 2023, suka faro daga wasu sassan Brooklyn. Duk wanda ya ce yana da na'urar da ke buɗe kulle, kuɗinka yake so.

Ta dala 100 da 'yan kai da ka gani, da alama irin Uniden BC125AT ce: tashoshi 500 a rukuni 10, batir AA guda biyu, tana jin megahaz 25 zuwa 54, da 108 zuwa 174, da 225 zuwa 380, da 400 zuwa 512. Rediyo ce mai kyau, amma analog ce zalla, ba ta bin karɓa-karɓa, kuma ba ta kai zangon megahaz 700 da 800 inda manyan birane da yawa suka koma. Masu jin P25, irin su BCD325P2 da BCD436HP da SDS100, suna kamawa daga wajen dala 400 zuwa 700, kuma a yawancinsu DMR da NXDN sai ka sake biya kafin a buɗe maka.

Kafin ka fitar da ko sisi, shiga shafin RadioReference, ka nemi jiharku da gundumarku, ka duba layin da aka rubuta Mode a gaban hukumar da kake so. FM ko FMN na nufin analog, mai arahar ta isa in mitar na cikin zangon da take ji. P25, ko harafin D ko T, na nufin dijital. In ka ga babban E a ƙarshe, kamar DE ko TE, a kulle take. Bayan haka ka gwada Broadcastify, shafin da ke watsa abin da sikanoni ke ji ta intanet, a wayarka na mako guda, kyauta ne. Mutane da yawa a nan suke gane ba sa buƙatar sayen komai.

Abu ɗaya ya fi duk waɗannan muhimmanci gare ka. Dokar tarayyar Amurka ba ta hana sauraron tashar agaji da ba a kulle ba, amma jihar New York ta hana sa wa mota rediyon da ke iya kama mitar 'yan sanda ba tare da izini ba, a sashe na 397 na dokarta ta ababen hawa. Jihohin Florida da Indiana da Kentucky da Minnesota ma suna da irin wannan takunkumi. Kai kuwa a mota kake son amfani da ita, lasisin tuƙinka kuma shi ne abincinka. Don sanin titin da aka toshe, Waze ko Google Maps sun fi maka sauri da kwanciyar hankali. Sikana ka bar ta a gida.

Tambaya: Na duba, garinmu P25 ne ba a kulle ba, na sayi mai dijital. Alamar sigina a cike take, amma magana na zuwa a yayyanke, wani lokaci kamar mutum na magana a cikin ruwa. Na sa doguwar eriya, abin ya ƙara lalacewa. Ko rediyon ce ta zo da matsala?
*Mai karatu daga Texas, Amurka*

Amsa: Da wuya ya zama rediyon ce, ɗan'uwa. Lalacewar da ta ƙaru bayan ka sa doguwar eriya ita ta tona asirin ciwon. Manyan birane kan kafa hasumiyoyi da yawa masu watsa magana ɗaya a mita ɗaya a lokaci ɗaya, don kada a samu lungun da sigina ba ta kai ba. Kai da ke tsakiya, saƙon hasumiyar kusa na riga na ta nesa isowa da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Rediyon da ke hannun ma'aikatan an ƙera su don haɗa waɗannan saƙonni. Yawancin sikanoni ba haka aka ƙera su ba, sai lambobin su hau kan juna. Ka taɓa tsayawa tsakanin masallatai biyu da suka jona lasifika ɗaya? Kana jin ƙara sosai, amma kalmomin sun cakuɗe.

Maganin shi ne rage abin da rediyon ke ji har hasumiya ɗaya ta rinjayi sauran. Fara da abin da ba ya cin kuɗi: kunna ATT, wato mai rage ƙarfin sigina, a kan wannan tsarin kawai. Mayar da gajeriyar eriya. Zagaya da ita cikin gida, domin matsawa taku biyu ko jingina ta da bango na iya gyara komai. In bai yi ba, nemi ƙaramar eriyar yagi ta megahaz 700 zuwa 800, mai kama da ƙashin kifi, ka saita ta wajen hasumiya ɗaya, kana juyawa a hankali har muryar ta washe. In har yanzu kana cikin kwanakin da shagon ke karɓar kaya, SDS100 da ta fito a 2018 an yi ta ne musamman don wannan ciwon. Ita ce mai tsadar, amma sayen guda ɗaya da ke aiki ya fi sayen biyu da ba sa yi.

Tambaya: Ina Landan. Wace sikana ce za ta jiyo min 'yan sanda da motar asibiti?
*Mai karatu daga Ingila*

Amsa: Babu, 'yar'uwa. 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana da motocin asibiti a Birtaniya duk suna kan tsarin Airwave, wanda aka gina a kan TETRA tsakanin megahaz 380 da 400, kuma a kulle yake. Bayan haka, dokar Wireless Telegraphy ta 2006 ta mayar da sauraron saƙon da ba don jama'a aka aika shi ba laifi, ko da a buɗe yake. Mallakar sikanar ba laifi ba ne, amma abin da aka yarda ki ji shi ne gidajen rediyo, da 'yan rediyon sha'awa masu lasisi, da sanarwar yanayi.

Tambaya: Na ga Baofeng UV-5R a kasuwa, mai shagon ya ce ita ma sikana ce, kuma kuɗinta bai kai rubu'in na Uniden ba. Me zai hana in saye ta?
*Mai karatu daga Kano*

Amsa: Malam, mai shagon bai yi ƙarya gaba ɗaya ba: tana da maɓallin bin tashoshi. Amma oba-oba ce, an yi ta don magana, saurare ƙari ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, to ga inda wannan take zuba.

Tana bin kamar tashoshi 3 a daƙiƙa, alhali sikana ta gaske na bin gommai. Idan ka cika mata tashoshinta 128, zagaye ɗaya zai ci fiye da rabin minti, maganar oba-oba kuwa ba ta wuce daƙiƙa biyar ko goma. Kafin ta zagayo an gama. Ban da gidajen rediyon FM, zangonta biyu ne kawai, megahaz 136 zuwa 174 da kuma 400 zuwa 480 ko 520, gwargwadon samfurin, kuma FM kawai take ji, don haka ba ta jin jiragen sama, waɗanda ke magana da AM tsakanin 118 da 137. Ba ta jin dijital ko kaɗan. Sannan matatar da ke bakin eriyarta ba ta da ƙarfi: a gari mai tashoshin FM da yawa kamar Kano, sigina mai ƙarfi kan cika mata kunne har ta kurumce, kuma sau da yawa eriya mai kyau ƙara mata kurumtar take yi.

Babban haɗarin shi ne maɓallin gefe. Danna shi kaɗan ya isa ta watsa wat 4 zuwa 5 a duk mitar da take kai. In ta faɗo kan mitar wata hukuma a lokacin da suke tsakiyar aiki, ka toshe musu magana, kuma ka aikata laifi ko da yaro ne ya danna. Wanda ya riga ya saya, ya nemi kebul ɗin USB nata da manhajar CHIRP, wadda kyauta ce, ya shiga kowace tasha ya mayar da layin Duplex zuwa off. Daga nan ko an danna ba za ta aika ba.

Quansheng UV-K5 kusan kuɗinsu ɗaya, ta fi ta faɗin zango kuma tana taɓa AM, amma ita ma oba-oba ce, da irin haɗarin. In sikana ta gaske kake so, nemi samfurin Turai, wato Uniden UBC125XLT, ba na Amurka ba. Afirka da Turai yanki ɗaya ne a rabon mitoci na duniya, don haka zangonta da tazarar tashoshinta sun fi dacewa da nan. Amma kafin ka saya, karanta amsar da ke biye.

Tambaya: Saboda halin da muke ciki na rashin tsaro, mu 'yan unguwa muna so mu haɗa kuɗi mu sayi sikana don mu riƙa jin motsin jami'an tsaro, mu san in akwai abin da ke faruwa. Doka ta yarda?
*Mai karatu daga Gusau*

Amsa: Allah ya kawo mana zaman lafiya, Malam. Shawararmu kai tsaye: kada ku saya don wannan manufa.

Najeriya ba Amurka ba ce a wannan fanni. Dokar Wireless Telegraphy ta 1961 ta ɗora amfani da na'urorin rediyo na sadarwa a kan lasisi, hukumar NCC ce ke tantance na'urorin sadarwa da ake shigowa da su, dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ta haramta tare saƙonnin lantarki da ba na jama'a ba ba tare da izini ba. Kayan sa ido da saurare suna cikin waɗanda ake neman musu takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro kafin a shigo da su, shi ya sa mai yin oda daga waje zai iya wayar gari kayansa na hannun kwastan. A Nijar hukumar ARCEP ce ke kula da mitoci, a Ghana kuma NCA, kuma ko'ina ƙa'idar ita ce a nemi izini a rubuce tukuna.

Ko an ajiye takardun doka gefe, ku dubi inda kuke. A yankin da ake farautar infoma, wanda har aka taɓa katse layukan waya gaba ɗaya a Satumban 2021, mutumin da aka tsayar a shinge da na'ura mai eriya tana fitar da muryar jami'ai ba zai samu damar yin dogon bayani ba. Kuma ko kun ji, abin da za ku ji guntayen kalmomi ne da laƙabobin wurare da ba ku san fassararsu ba. Mutum ɗaya ya fahimce su a karkace, ya tura a WhatsApp, unguwa ta watse a banza.

Kuɗin da kuka haɗa ya fi amfani a wani wajen. Ku je wurin DPO da mai unguwa ku karɓi lambobin da ake ɗauka da dare, ku rubuta su a takarda a kowane gida, tare da 112 na kiran gaggawa da 122 na jami'an kiyaye haɗurra. In ƙungiyar sintiri ce mai rajista ke buƙatar oba-oba don magana tsakaninta, ta nemi mitarta da lasisinta ta hanyar hukuma. Wanda kuma sha'awar rediyon ce ke jan sa, ƙofarsa lasisin rediyon sha'awa ne, inda 'yan Najeriya ke samun lambar kira mai farawa da 5N, 'yan Nijar 5U.

Tambaya: Tun ambaliyar 2024 hankalina ba ya kwanciya in damina ta yi nisa. Ɗana ya ce in sayi sikana don jin gargaɗi da wuri.
*Mai karatu daga Maiduguri*

Amsa: Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Abin da ɗanki ya gani a intanet na Amurka ne: can akwai tashoshi 7 tsakanin megahaz 162.400 da 162.550 da ke watsa yanayi da gargaɗi dare da rana, kuma sikana na iya yin ƙara da kanta in an saki gargaɗi. Wannan tsarin bai zo nan ba. A nan gargaɗin hukumar hasashen yanayi NiMet da hukumar agajin gaggawa NEMA da hukumar agajin jiha ta gidajen rediyo yake fitowa. Ki nemi rediyo mai FM da AM da gajeren zango, mai cin batir ɗin da ake samu a kowane kanti, ba mai ginannen batir kawai ba. Ki ajiye sababbin batir a leda a wajen rediyon don kada su zuba a ciki, tare da tocila da fawa-bank a cike.

Tambaya: Ni ɗalibin injiniyan lantarki ne. Na ji ana maganar wata 'yar na'ura kamar filasha da ke mayar da kwamfuta sikana. Gaskiya ne?
*Mai karatu daga Zariya*

Amsa: Gaskiya ne, kuma ga mai son koyo babu abin da ya kai ta a wannan kuɗin. Sunanta RTL-SDR. Asalinta na'urar kallon talabijin ce a kwamfuta, mai ɗauke da guntun RTL2832U. A wajen 2012 masu bincike suka gano ana iya karɓar ɗanyen sigina daga cikinta a sarrafa da manhaja. Tana ji daga kusan megahaz 24 zuwa sama da 1,700, kuma tana nuna maka faɗin megahaz 2.4 a allo lokaci guda, ka ga kowace sigina a tsaye kamar zare. Ta gaske, irin RTL-SDR Blog V3 ko V4, ba ta wuce dala 30 zuwa 45 da eriyarta.

A Windows sai ka fara sa mata direban kwamfuta da manhajar Zadig, sannan manhajar saurare SDR# ko SDR++. A wayar Android kana buƙatar kebul ɗin OTG da manhaja irin SDR Touch. Kurakuran da sababbi ke yi guda uku ne. Suna ɗaga Gain, wato mai ƙara ƙarfin sigina, har ƙarshe, sai allon ya cika da siginonin ƙarya. Fara daga tsakiya, ka ɗaga har ƙasan hayaniya ya soma tashi, ka dawo baya kaɗan. Suna sayen jabu, wadda ba ta da TCXO, wato ɓangaren da ke riƙe mita daidai ko da an yi zafi, sai mita ta riƙa zamewa in na'urar ta yi zafi. Suna kuma soka ta kai tsaye a jikin laftof, inda hayaniya ta fi yawa. Sa kebul ɗin USB na mita ɗaya ko biyu ka nisanta ta.

Ka yi gwajinka a kan abin da aka watsa don kowa. Fara da tashoshin FM don ka koyi allon. Daga nan ka nemi lokacin da tashar sararin samaniya ta ISS za ta ratsa saman Zariya, ka saurari 145.800 da 437.800. Wucewarta ba ta fi minti 10 ba, kuma a 437.800 za ka ga mitar na sauka a hankali yayin da take wucewa. Darasin Doppler ke nan da aka yi muku a allo, ga shi a kunne.

Tambaya: Ina da lasisin rediyon sha'awa, ina da sikana, amma a cikin ɗaki ba na jin kowa sai na fita tsakar gida. Wace eriya zan saya?
*Mai karatu daga Kaduna*

Amsa: Wataƙila ba sai ka saya ba, Malam. Rufin kwano da rodin da ke cikin ginin suna tare sigina, 'yar eriyar roba da ke zuwa da sikana kuma an gajarta ta ne don aljihu. Siginar VHF da UHF, wato zangunan mitocin da oba-oba ke aiki a kansu, kusan a miƙe take tafiya, don haka tsawo ya fi komai. Lissafin nisan: ka ɗauki tushen murabba'in tsawon eriya a mita, ka ninka da 4, ya ba ka kilomita. A hannunka, mita 1.5 daga ƙasa, kilomita 5 ke nan. A kan falwaya mai mita 9, kilomita 12. Sai ka yi wa ɗaya ɓangaren irin lissafin ka haɗa: rifita, wato na'urar da ke karɓar magana ta sake watsa ta, a kan hasumiya mai mita 50 na ƙara maka kilomita 28.

Eriyar da za ka haɗa da hannunka: raba 7,100 da megahaz, ya ba ka tsawon sanda a santimita. A 145 santimita 49 ne, a 435 kuma 16. Nemi soket ɗin SO-239 mai ramuka huɗu da wayar tagulla mai kauri irin ta wayarin gida. Sanda ɗaya a tsakiya tana kallon sama, huɗu masu irin tsawonta a ramukan, ka lanƙwasa su ƙasa digiri 45. Wadda aka yanka don 145 tana jin 435 ma daidai gwargwado.

Kebul ne ke cinye ribar. Siririn RG-58 mai tsawon mita 15 na zubar da kusan kashi biyu cikin uku na sigina a UHF. Tunda saurare kawai za ka yi da ita, kebul ɗin dish, wato RG-6, ya fi shi, ga araha, ga shi a kowace kasuwa. Bambancin om 75 da 50 ba abin damuwa ba ne a wajen karɓa, adafta daga F zuwa BNC kawai za ka nema. Naɗe mahaɗin da tef don ruwa, ka nisanta falwayar da wayar wuta fiye da tsawonta, kuma da zarar hadari ya haɗo ka cire kebul ɗin daga rediyon. Da hunturu ma busasshiyar iska mai ƙura na tara caji a eriyar waje, don haka ka taɓa bakin kebul ɗin da ƙarfen da ke shiga ƙasa kafin ka jona.

In bayan ka ɗaga eriyar ka soma jin tashar FM a inda ba wurinta ba, matata mai toshe megahaz 88 zuwa 108 za ka sa tsakanin kebul da sikana. Ka kuma tabbata mitar fitar rifita ka zuba, ba ta shigarta ba, kuma SQL, wato mai yanke hayaniya in ba a magana, ka ɗaga shi daidai inda shuu ɗin ya yanke, kada ka wuce.

Tambaya: Wani zai sayar min da ta hannu, ya ce lafiyarta lau sai dai batir ba ya jimawa kuma tana yawan tsayawa a inda babu magana. In karɓa?
*Mai karatu daga Yamai, Nijar*

Amsa: Kada ka yi cinikin biri a sama, Malam: a kawo ta ka riƙe. Kuma ka fara jin ta bakin ARCEP kan riƙe ta. Waɗannan matsaloli biyu da ya faɗa yawanci ba sa hana saye.

Tsayawa a banza sau da yawa daga gidan ne: inbata, cajar sola, ƙwan LED mai araha da cajar waya jabu duk suna fesa hayaniya. Fita da ita fili nesa da gini. In ta daina, laifin gida ne, sai a kashe kayan wuta ɗaya bayan ɗaya har a kama mai yi. In mita ɗaya ce take maƙalewa ko an cire eriya, wannan hayaniyar cikinta ce, kowace sikana na da irinta, maɓallin L/O zai sa ta riƙa tsallakewa.

Batir kuma, sa mata sababbin NiMH masu mAh 1,900 zuwa 2,500. Duk AA da aka rubuta wa 4,000 ko fiye ƙarya ce. Buɗe gidan batir ka duba ɗan makunnin da ke zaɓar Alkaline ko Ni-MH: in aka bar shi a Ni-MH alhali alkalin ne a ciki aka jona caja, batir ɗin kan fashe ya zuba. Farin gari ko kore a kan sifirin alamar hakan ta taɓa faruwa ne, kuma in ya gangara cikin allon rediyon, bar masa kayarsa. Girgiza bakin eriya a hankali tana kunne: in sauti na ɗaukewa yana dawowa, dalmar ciki ta tsage, gyaran minti goma ne a wurin mai gyaran rediyo, amma a rage maka kuɗinsa. Danna kowane maɓalli, juya na murɗawa da ke sama ka ga ba ya tsallake lamba, sannan ka karanta lambar samfurin a takardar da ke bayanta, ba a kwali ba. A samfuran Uniden, in UBC ce ta Turai ce ko ta Ostareliya, in BC ce ta Amurka.